Gaisuwar Babbar Sallah daga Manchesta, da maganar kai yara bakin teku

Manchesta, Ingila
10 ga Zulhajji

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Da fatan an sauko daga Idi lafiya, ƙafar Hajiya kuma ta yi sauƙi har ta samu zuwa Ƙofar Mata. A gaishe ta da kyau, a gaida Anti da yara da duk mutanen gida. Mu ma lafiya lau, maiɗakina tana gaida kowa.

Tunda biza ta fito kuma kun tsayar da watan Agusta, bari in fara da abin da na san Hajiya tana shiryawa yanzu haka: kada a ajiye mana soyayyen naman layya, ko kilishi, ko dambu. Dokar ƙasar nan ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace. A cinye a gida, mun yafe rabonmu.

Sai maganar teku, wadda 'yan biyu suka dame ni da ita a waya. Daga nan zuwa Blackpool, garin bakin tekun da za mu kai su, awa ɗaya ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Auta ba ta kai shekara 5 ba, kyauta za ta hau. 'Yan biyu rabin kuɗi. Garin yana da hasumiyar ƙarfe da aka buɗe a 1894, da taragon lantarki mai bin gaɓa, har da jakunan haya da ake ɗora yara a kai. Na san za ka yi dariya, a baro Kano a zo Turai a biya kuɗin hawa jaki.

Abin da nake so ka riƙe, Yaya, ruwan nan ba kamar na dam ɗin Tiga ba ne da za ka same shi inda ka bar shi. Sau biyu yake cikowa a kwana ɗaya, sau biyu yake janyewa. Tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25 ne, shi ya sa kullum lokacin yake ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan sa. Kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu zuwa sha shida, ya fi cikowa da ƙarfi, ya fi janyewa nesa. A Blackpool idan ya cika har bangon gaɓa yake kaiwa, ba ya barin yashin da yaro zai zauna. Don haka ba agogon karin kumallo ne zai tsara mana fita ba, jadawalin ruwa ne, ana duba shi a intanet tun dare. Mafi kyau a isa awa biyu bayan ya fara janyewa, a tattara kaya da zarar ya juyo.

Inda mutane ke shiga uku shi ne tudun yashi. Ruwa ya janye, fili ya buɗe, iyali su yi ta tafiya suna tsintar bawon kifi. Shi kuwa ruwan ba ta gaba yake dawowa ba, kwaruruka na baya yake fara cikawa, kafin a waiga an zama tsibiri. A mashigin Morecambe da ke arewa kaɗan, a Fabrairun 2004 ruwa ya rutsa da ma'aikata 'yan Sin masu tsintar kayan teku, fiye da 20 suka mutu. Can ba za mu taka yashi da yara ba sam.

Tutoci kuma a koya wa yara tun daga gida. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya kaɗai ake shiga ruwa, nan ne masu ceto suke sa ido. Ja zalla, ba shiga. Baƙi da fari wurin masu allon hawa igiyar ruwa ne. Idan an ga buhun nuna iska mai launin ruwan lemo yana kaɗawa a kan sanda, iska tana turawa cikin teku ke nan, kada a ɗora yaro a kan tayar roba ko kwale-kwalen hurawa. Ni a ra'ayina ma kada a saye su. In wani abu ya faru a kira 999, a ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓa. Babba kuma in ruwa ya ja shi, kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya buɗe hannu har numfashi ya daidaita.

Ko a Agusta sanyin ruwan bai cika wuce digiri 16 zuwa 17 ba. Yaro ƙarami ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, minti goma zuwa sha biyar sun ishe shi. Da an ga yana karkarwa ko leɓensa ya sauya, a fito da shi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi a tawul, a ba shi shayi mai ɗumi daga fulas. Kowane yaro tawul biyu, kayan canji cikakku, rigar sanyi da ta ruwan sama. A taho da rigunan hunturunsu.

Kada a ce fatarmu baƙa ce rana ba ta ƙona mu. Iskar teku ce ke ɓoye zafin. Man kariya mai lamba 30 ko sama, a shafa rabin awa kafin fita, a sake duk bayan awa biyu da duk fitowa daga ruwa. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 a fi zama a inuwa.

Wasan da ya fi cin lokaci ba shi da tsada: bokiti da ɗan shebur. Yashi mai danshi ake cikawa a danne, a kife, a bubbuga gindin bokitin. Busasshe rushewa yake. Rami kada ya wuce gwiwar yaro, don bangon yashi yana ruftawa ba gargaɗi. A sa musu takalmin roba, saboda akwai wani ɗan kifi mai ƙaya da ke ɓuya a yashi cikin ruwa marar zurfi. Maganin harbinsa a tsoma ƙafa a ruwan zafi daidai juriya na rabin awa. Mutum babba ɗaya ya zama aikinsa kallon yara kawai, waya a aljihu, a riƙa karɓa-karɓa. A rubuta lambata a ɗaura wa kowannensu a hannu.

Abinci za mu dafa daga gida. In yara sun nace sai kifi da dankali na kan titi, a tambayi mai da ake suya da shi, da ko an sa giya a kwaɓin fulawar. A ci a ƙarƙashin rumfa, don fararen tsuntsayen teku sun fi shirwar ranar layya iya fizge.

Farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, yara za su ƙi barci, gara Anti ta sani tun yanzu. Za mu riƙe darduma da gorar ruwan alwala, a yi Azahar da La'asar a can. Ranar da aka tashi da ruwan sama akwai gidan kallon kifaye a garin.

Ka aiko mini da tsawon kowane yaro da lambar takalminsa. Duk wanda bai kai shekara 12 ko santimita 135 ba dole ya zauna a kujerar yara a mota, ina so in tanada kafin ranar ɗauko ku. Goron Sallar yara yana tafe ta hannunka, na Hajiya daban.

Wassalam,
Ƙaninka