Tattabarar jikin adaidaita sahu ba ta asiri ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a. Dan Allah a ɗan sam min fili, wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Ina da ƙani mai zane, irin masu rubuta allon shago da yi wa adaidaita sahu da tifa kwalliya ɗin nan, rumfarsa na wajen Ƙofar Ruwa. Duk aikin da ya yi sai ka ga 'yar farar tattabara a gefe mai baƙin ɗigo a wuya, ko tafin hannu ba ta kai ba. To ranar Laraba wani mai adaidaita ya dawo masa da aiki wai maza a goge tsuntsuwar nan, an faɗa masa a majalisa alamar ƙungiyar asiri ce, har wani ya ce ai shi ya sa kwana biyu fasinja ke gudunsa, kamar dai ba tsadar mai ce ta sa mutane suka koma takawa a ƙafa ba.

Ni na san tattabarar nan da ranta. Marigayi Baba ne ya saya masa su guda biyu yana firamare, muka kafa musu tsohuwar tukunya a jikin katanga. Macen ce mai ɗigon, Hajiya yake ce mata saboda yanga take tafiya. Sau biyu yana sayar da ita, na biyun ma kuɗin jarrabawa ne ya matse shi, kuma duk biyun ba ta yi kwana uku ba muka wayi gari tana kan katanga tana kuka, dole ya mayar wa mutane kuɗinsu. Daga baya muzurun maƙwabta ya cinye ta, yaron nan kwana biyu bai ci tuwo ba muna ta yi masa dariya, Allah Ya yafe mana. Shi a wajensa ma'anar zanen ɗaya ce, wanda ya fita ya dawo gida lafiya. Me ya fi wannan dacewa da jikin abin hawa a titin Kano?

Kuma ba shi ya fara ba. Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifaniya, babansa ma mai zane ne kuma tattabaru yake yawan zanawa, a cikinsu ya tashi. A 1949 ya zana wata farar tattabara da abokinsa Matisse ya ba shi kyauta, aka ɗauki zanen aka buga a fastar taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Paris cikin watan Afrilun shekarar, a watan kuma aka haifa masa 'ya ya sa mata Paloma, wato tattabara da yarensu. Abin dariyar shi ne duk wanda ya taɓa kiwo ya san tattabaru ba su da wani zaman lafiya, a kan tukunya ɗaya sai su fige juna. Ita kuwa Frida Kahlo ta ƙasar Meziko ɗan barewa take kiwo a gida, a 1946 ta zana barewa mai fuskarta da kibiyoyi 9 a jiki, saboda ciwon da take fama da shi tun haɗarin motar da ta yi a 1925. Ba wanda ya ce mata matsafiya.

Mu ɗin ma fa? Sarki muna ce masa zaki, muna ce masa toron giwa, bayan gingimari cike yake da mikiya da dawisu, tambarin Najeriya kansa dawakai biyu ne da mikiya a sama. Sai tattabarar talaka ce za ta zama asiri?

Na san malamai suna da magana a kan zanen abu mai rai, wannan fagensu ne, da mutumin ya zo da wannan dalilin wallahi ko uffan ba zan ce ba. Amma jefa wa bawan Allah zargin tsafi a unguwa abu ne daban, a garin nan irin wannan maganar tana iya rufe wa mutum rumfa.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku ya zagaya wajen masu zanen nan ya tambaye su me suke nufi da abin da suke sakawa, tunda su ba a taɓa tambayarsu. Shi dai ƙanin nawa ya goge ta ya zana fure a wajen, ko sisi bai karɓa ba, har da fentinsa.

Naku,
Mai karatunku daga Gwammaja, Kano.