Lokaci ya yi da shugaban kulob ɗinmu zai shirya miƙa ragama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu a nan garin Bauchi, wadda mutum ɗaya yake shugabanta tun ina ɗan wasa har zuwa yau da ɗana yake buga mata.

Ba zan ɓoye alherin Alhajin ba. Daga aljihunsa ake sayen riguna da takalma, a bayan motarsa ƙwallaye da raga suke kwana, kuma da idona na ga ya ɗauki yaron da ya karye a fili ya kai shi asibiti ba tare da ya jira iyayensa ba. Sai dai bara, da rashin lafiya ta kwantar da shi wata biyu, muka gane cewa kulob ɗin gaba ɗayansa a kansa yake. Babu wanda ya san inda katunan rajistar 'yan wasa suke, babu mai ikon sa hannu a asusun banki, har lokacin rajistar gasa ya wuce muna kallo. Yaran nan suna ta fitowa atisaye bayan sallar asuba, alhali babu wasan da za su buga.

Duk mai bibiyar ƙwallo ya san yadda ta kaya da marigayi Issa Hayatou, ɗan Garwa ta ƙasar Kamaru, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, daga 1988 zuwa 2017. A zamaninsa ne aka kawo gasar cin kofin duniya Afirka a 2010, amma duk da haka a akwatin zaɓe ya sauka, lokacin da Ahmad Ahmad na Madagaska ya kayar da shi a Addis Ababa. Haka Pinto da Costa ya shekara 42 yana shugabancin ƙungiyar Porto ta ƙasar Portugal, ya cika ta da kofuna, sannan 'yan kulob suka juya masa baya a zaɓen 2024. Ita ma hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, bayan zamanin tsohon shugabanta Sepp Blatter, ta ƙayyade wa shugabanta wa'adi uku na shekara huɗu-huɗu. Ba na son ranar da za a ƙirga ƙuri'u a gaban Alhaji, yaran da suka taso a hannunsa su ƙi zaɓensa.

Ban ce a tsige shi ba, Allah ya kiyaye. Roƙona shi ne ya kira babban taro da kansa, ya faɗi lokacin da zai sauka, ko da nan da shekara biyu ne, a rubuta tsarin mulki, a naɗa sakatare da ma'aji da za su riƙa sa hannu tare da shi, kuma ya ja mataimakinsa a jiki ya nuna masa ƙofofin da yake ƙwanƙwasawa idan ana neman tallafi. Daga nan sai a naɗa shi uban ƙungiya. Mu tsofaffin 'yan wasa mun amince za mu kai masa wannan magana har gida bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma muna fatan zai saurare mu kamar yadda uba yake sauraron 'ya'yansa.

Naka,
Wani tsohon mai tsaron gida,
Unguwar Jahun, Bauchi.