Lamunin ɗalibai: an cire masu tsaya wa ɗalibi, saura rikicin takardu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan sharuɗɗan samun lamunin karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda hukumar NELFUND ke kula da shi. Ina da shagon kwamfuta kusa da wata kwalejin ilimi, kuma cike wa ɗalibai fom yana cikin abin da nake ci da shi. Abin da zan faɗa a kan teburina yake faruwa.

Gaskiya an samu sauƙi. Dokar farko da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce sai in abin da gidanku ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sannan ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki, ko alƙali. To ɗan manomin da ya fito daga ƙauye, ina zai ga lauya, balle lauyan ya yarda ya sa masa hannu? An soke waccan doka, aka kawo sabuwa a Afrilun 2024, aka cire maganar kuɗin shiga da ta masu tsayawa. A ranar 24 ga Mayun shekarar aka buɗe shafin neman lamunin. Yanzu abin da ake nema shi ne ka zama ɗan Najeriya mai karatu a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, kana da lambar JAMB, da NIN, da BVN, da takardar shiga makaranta, da lambar ɗalibi. Kuɗin makaranta kai tsaye suke tafiya asusun makarantar, wanda kuma ya nemi na ɗawainiya ana tura masa naira 20,000 a wata.

A takarda ke nan. A aikace akwai wani sharaɗin da ba kowa ke gane nauyinsa ba sai ya faɗa ciki: dole bayananka su zo ɗaya a duk wuraren nan. Mu kuwa a Arewa nan ne gizo ke saƙa. Yaro ɗaya, a NIN an rubuta masa Muhammad, a banki Mohammed, a rajistar makaranta Muh'd. Wani a banki sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a makaranta kuma sunan garinsu, domin tun a firamare haka malami ya rubuta don bambanta shi da sauran Sani huɗu na ajin. Wata kuma Hauwa'u ce a nan, Hauwa a can, ga Kulu a tsakiya a wata takardar. Na'ura ba ta san cewa duk mutum ɗaya ba ne. Ita dai ta ga harafi ya saɓa, ta ƙi wucewa.

Ranar haihuwa ta fi wahala. Da yawa cikin yaranmu a gida aka haife su, ba takardar asibiti, sai daga baya a je kotu a yi rantsuwa. Ranar da aka je yin NIN wani ya ƙiyasta, ranar buɗe asusu wani ya sake ƙiyastawa. Ba sau ɗaya ba na ga ɗalibi riƙe da takardu biyu, duka 1 ga Janairu, amma shekara daban. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da NIN, don haka waɗannan biyun sukan zo daidai. BVN da rajistar makaranta su ne masu bauɗewa. Gyaran ranar haihuwa a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, kuwa kuɗinsa ya fi alawus ɗin wata guda na lamunin, ban da kuɗin mota da jira. Wanda ya zo neman rance don ba shi da shi, an ce ya fara kashewa tukuna.

Sai maganar JAMB ɗin ita kanta. Tun 2017 ake da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai gurbin karatu ke zama halastacce. Amma makarantu da dama, musamman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, sun ci gaba da ɗaukar ɗalibai ta bayan fage. Yaro ya biya kuɗi, yana shiga aji, yana rubuta jarabawa, sai ya zo neman lamuni ya tarar JAMB ba ta san da gurbinsa ba. Laifin wa? Ba shi ya ɗauki kansa ba. Haka nan in makaranta ba ta ɗora sunan ɗalibi a shafin NELFUND ba, ko ta ɗora da kuskure, ba abin da zai iya yi daga wayarsa. Sai ya yi ta sintiri tsakanin ofishin kula da ɗalibai da na kwamfuta, kowa na cewa ya dawo gobe, ga wa'adin rajista na ƙaratowa. Wasu iyayen sai su ciwo bashi a unguwa su biya, daga baya lamunin ya iso, a koma kuma bin makaranta ta maido da kuɗin.

Iyaye sukan tambaye ni ko akwai riba a ciki. Babu kuɗin ruwa. Amma bashi ne, ba kyauta ba, kuma gara a riƙa faɗa wa yara haka ƙarara, don na ji masu kiransa "rabon gwamnati". Biya yana farawa shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Roƙona ga hukumar NELFUND shi ne ta ɗauki lambar NIN a matsayin hujja, tunda ɗauke take da hoton yatsu, ta daina tsayar da fom saboda bambancin rubutun suna. Inda aka samu saɓani na gaske, a ba ɗalibi damar gyarawa ba tare da an rufe masa ƙofar wannan zangon ba. A kuma riƙa wallafa sunayen makarantun da ba su ɗora bayanan ɗalibansu ba, kowa ya gani. Gwamnatocin jihohinmu su ma suna iya kawo jami'an NIMC da na bankuna cikin makarantu na mako guda a farkon kowane zango, su ɗauki nauyin gyaran. Ku kuma a jarida, don Allah ku aika wakilinku wata kwalejin ilimi lokacin rajista ya tambayi ɗalibai nawa ne fom ɗinsu ya maƙale, kuma a kan me.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya, Jihar Kaduna