Zuwa ga abokan cinikinmu masu shirin wankin hanji

Bayan gaisuwa da fatan alheri,

Da yawanku kan zo kantinmu da takardar likita ta maganin wankin hanji kafin gwajin kolonoskofi, wato leƙa babban hanji da siririn bututu mai kyamara. A tsaye bakin kanta bayani ba ya ƙosarwa, shi ya sa muka rubuto.

Babban roƙonmu shi ne ku shanye maganin tas. Mun san ba shi da daɗi: gishiri-gishiri ne, ga yawa, don mai sinadarin PEG, wato sinadarin da ke sa gudawar, kan kai lita 2 ko 4. Sai mutum ya sha rabi, ya ga gudawa ta tsinke, ya ce ai ciki ya wanku. Bai wanku ba. Babban hanji ya kai kimanin mita 1.5, yana da lanƙwasa da lunguna, kuma ɗan tsiron da likita ke nema yana iya ɓoyewa ƙarƙashin ragowar bahaya. Idan bai gani da kyau ba, sai a sake sa rana, ku sake shan maganin daga farko.

Yawanci ana raba shi biyu, rabi da yamma ana gobe gwajin, rabi da safiyar gwajin, a gama aƙalla awa 2 kafin a shiga. Rabin safen ne ake yawan tsallakewa, alhali shi ke wanke abin da ya sauko cikin dare. Ku sha kofi ɗaya duk bayan minti 10 zuwa 15. In an sanyaya shi ya fi shiga. Zuciya ta tashi? Ku dakata kamar rabin awa, sannan ku ci gaba a hankali. Alamar an gama ita ce abin da ke fita ya koma ruwa tsararo, rawaya-rawaya kamar fitsari.

Tun saura kwana 2 ko 3 ku ajiye wake, gyaɗa, ganye da 'ya'yan itatuwa masu ƙwaya. Ana gobe gwajin kuwa sai ruwa da abin sha marar kauri. Ban da madara, ban da mai launin ja, don a kyamara yana kama da jini.

Masu shan ƙwayar ƙarin jini ta ayon akan ce su tsaya tun saura mako guda, saboda tana baƙanta hanji. Masu ciwon suga, ciwon ƙoda ko na zuciya, da masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, don Allah ku tuntuɓi likitanku tun da wuri. Kada ku rage ko ku daina magani da kanku, kuma inda takardarsa ta saɓa da wannan wasiƙa, tasa za ku bi.

Ku tanadi man basilin, domin yawan zirga-zirgar banɗaki na sa dubura raɗaɗi. Ranar gwajin ku tafi da ɗan rakiya: in an yi muku allurar barci, babu tuƙi sai bayan awa 24.

Allah ya sa a ga alheri.

Naku,
Ma'aikatan kantin magani