A rubuta tarihin mazan jiya kafin ya ɓace

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan Ranar Tunawa da Mazan Jiya, wadda ake yi duk 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. An ajiye furanni a Abuja, an saki tantabaru. Abin da ya dame ni shi ne sunayen mutanen da ake tunawa ɗin suna ɓacewa.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana cikin dakarun Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya dawo sai ya shiga aikin ɗan doka a ƙarƙashin En'e, ya ci gaba da tsaron kasuwa har aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya. Lambobin yabonsa suna cikin wani tsohon gwangwanin madara a ɗakin kakarmu, igiyarsu ta koɗe. Yakan zaunar da mu bayan sallar isha'i yana ba mu labarin ruwan saman yankin Arakan na ƙasar Bama da matsattsaku, amma babu wanda ya rubuta ko kalma ɗaya. Laifin namu ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Ina roƙon ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion ta haɗa kai da Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, a bi jiha jiha a naɗi muryoyin waɗanda suka rage, musamman na yaƙin basasa, a ɗauki hoton takardun sallama da lambobin da iyalai ke riƙe da su.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya