A riƙa sakin kuɗin agajin fari tun da kaka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan kuɗin agajin gaggawa da ake ware wa yankunan da fari ya cinye. Babban aibinsu zuwa a makare.

A yunwar Somaliya ta 2011 kusan mutum 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da yawa sun tafi tun kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana yunwar a watan Yuli, alhali an daɗe da ganin ruwa ya ƙi.

Mu a karkarar Maigatari mun san yadda abin ke tafiya. In ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, tun da kaka magidanci ya san rumbunsa ba zai kai bazara ba. Sai ya fara da akuya, ya bi da shanun huɗa, a karyar da su a kasuwar Alhamis domin kowa ya kawo nasa. Daga baya har irin shuka a daka. Buhun masarar da za a raba a Agusta, ko da ya iso hannun mai shi, ba ya dawo da san huɗar da aka sayar.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk farkon shekara. Ina roƙon hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da gwamnatin Jigawa su ɗaura kasafin agajinsu a kan wannan hasashe, su saki kuɗin da zarar an gama girbi.

Naka,
Wani manomi daga Maigatari, Jihar Jigawa