Masu cewa Kaduna ta mutu su leƙa Panteka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan garinmu. A Kakuri aka yanke cibiyata, kusa da masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, kuma da idona na ga yadda unguwar ta yi tsit bayan an rufe masaƙu. Amma masu cewa Kaduna ta mutu su leƙa Panteka, kasuwar maƙera da ke cikin garin. Matasa ne ke narka tsohon alminiyom suna zuba tukwane, suna ƙera injin markaɗe da ƙofofi, ba su jiran kowa. Wallahi duk ranar da na je can, sai raina ya yi fari. Ga kuma jirgin ƙasan Abuja na tsayawa a tashar Rigasa da ke Kaduna tun 2016. A dai ba maƙeran nan wutar lantarki mai ɗorewa.

Naka,
Wani mazaunin Kakuri, Kaduna